Sauke ƙafar tsohuwar mota salun da kayan kasuwa

Sauke ƙafar mota shine a rage tazarar da ke tsakanin jikin mota da ƙasa, ta hanyar cire kayan ƙafar da kamfani ya sa mata a musanya da na wasu kamfanoni masu ƙera kayan gyara. Kayan ƙafa a bakin kanikawa sun haɗa da sifirin, shokabzoba, bushin, bol joyin, tayirod da sauran ƙarafan da ke riƙe taya da jikin mota. An fi yi wa tsofaffin salun wannan aiki, irin su BMW E30 da E36, Mercedes 190 da W124 wadda a Najeriya ake kira Bi-but, sai Honda Accord da Civic na shekarun 1990, dalili kuwa motocin sun yi arha, kayansu sun cika kasuwa, kuma dama ƙafar tasu ta gaji ko ba a sauke ba sai an taɓa ta.

Asali

Al'adar ta daɗe. 'Yan asalin Meziko mazauna Los Angeles a Amurka sun fara kwantar da motocinsu tun shekarun 1940, wasu buhunan yashi ma suke zubawa a but dan bayan ya zauna. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin rim, shine masu abin suka koma sa na'urar haidirolik wadda za ta ɗaga motar idan an hango ɗan sanda ta kuma kwantar da ita idan ya wuce, ba a soke dokar ba sai farkon 2024. A Japan sai mota ta kai santimita 9 daga ƙasa kafin ta ci binciken lafiyar mota. Jamus kuwa, inda kamfanonin kayan ƙafa irin su Eibach, H&R, Bilstein da KW suke, duk sifirin ɗin da za ka sa sai yana da takardar amincewa, in ba haka ba masu duba mota irin su TÜV ba za su bar ta ta wuce ba.

Hanyoyin saukewa

Wadda aka fi bi ita ce sayen gajeren sifirin da aka ƙera wa motar musamman. Irin wannan yana sauke ta kamar milimita 25 zuwa 40, kuma ya fi na asali tauri, tunda tafiyar da ta rage wa taya kafin ta daki jiki ta yi kaɗan, dole ƙarfen ya ƙara ƙarfi. Inda mutane ke tafka kuskure shine su sa sabon gajeren sifirin kan tsohon shoka. Shokan asali an yi shi ne ya yi aiki a wani tsayi, idan ka danne shi ya zauna a matse kullum, ga shi kuma ba shi da ƙarfin da zai tsayar da sifirin mai tauri, sai motar ta dinga tsalle bayan ta hau tudu, ba a jima ba ya fara yoyon mai. Shi ya sa Bilstein suke da B8 mai gajeriyar sanda dan motar da aka sauke, B6 kuma na tsayin asali, Koni na Holan kuma suna da wanda ake murɗa taurinsa da hannu.

Sai koyiloba, wato shoka da sifirin a haɗe, jikinsa da zare kamar na noti, kana murɗa zoben motar tana hawa ko sauka. Tein na Japan, KW na Jamus da BC Racing na Taiwan duk suna yi. Mai kyau yana da tsada, mai arha kuma sau da yawa taurinsa ya yi yawa, kana jin kowane tsakuwa a ƙugunka. Akwai kuma jakar iska da ake hurawa da kwamfiresa.

Yanke sifirin da giranda shine hanyar da ba ta cin kuɗi, kuma ita ce mafi muni bayan gasa shi da wuta. Idan aka yanke zagaye ɗaya ko biyu taurin yana ƙaruwa amma ba da lissafi ba, gefe da gefe ba sa zuwa daidai, bakin da aka yanke baya zama a mazauninsa, wani lokacin ana ɗaga mota da jak sai ka ga sifirin ɗin yana lilo a sake. Wuta kuwa kashe ƙarfen take, zai ci gaba da lotsawa har ya karye.

Abin da ke canzawa

Amfanin a fili yake, nauyin mota ya matso ƙasa, ba ta kwanciya sosai a kwana, gaba baya nutsewa idan an taka birki. Amma kowace ƙafa da irin halinta. Mai tsarin MacPherson, wato inda shoka da sifirin a haɗe suke riƙe saman taya, wanda Ford ta sa a Consul da Zephyr a Ingila farkon shekarun 1950 kuma yau shi ne a gaban yawancin salun, ba ta son a sauke ta da yawa, da zarar ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa ya wuce kwance ya fara kallon sama motar za ta ƙara son karkata a kwana maimakon ta rage, sitiyari kuma ya dinga fizga a kan gargada saboda tayirod ya bar layinsa. Accord da Civic na 1990 masu ƙarfe biyu sama da ƙasa sun fi haƙuri, sai dai saman tayar yana shigewa ciki, abin da ake kira kamba, dan haka ake sayar musu da bol joyin ko ƙarfen sama mai saiti. E30 ma haka bayanta yake yi, kuma ita daga kamfani babu wurin saita bayan. Mercedes 190 da ta fito a 1982 ƙarafa biyar gare ta a kowace tayar baya, bushin kusan goma kenan a gefe ɗaya, in sun mutu babu sifirin ɗin da zai gyara mata tafiya.

Wannan ne ma ya sa a tsohuwar mota gyara ke gaba da saukewa. Robar da ta shekara 25 ta riga ta tsattsage, sai an canza bushin, bol joyin, kan shoka da ɗan robar da ke tare shoka idan ya kai ƙarshe, wanda shi ma ake sa gajere. Wasu suna sa bushin na foliyuriten, wata irin roba mai tauri, ya fi riƙo amma yana kuka idan babu giris. Notin bushin na roba ba a ɗaure shi tamau mota tana rataye a jak, sai an sauke ta nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Matse sifirin kuma sai da na'urarsa, ƙarfe ne mai ɗauke da nauyin mota, in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fuska. Bayan an gama dole a je alaimen, domin abin da ya fi cinye cikin taya ba kamba ba ne, karkatar bakin tayar ciki ko waje ne. Fitilun gaba ma sai an sake saita su.

A titunanmu

A Kano ko Kaduna ko Maraɗi lissafin daban ne. Salun ɗin da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka dama can gajera ce ga ramuka da tudun rage gudu na cikin unguwa, shi ya sa mutane suka fi ɗaga ƙafa da sifesa a kan sauke ta, kuma Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ta yi suna ne saboda ƙafarta mai laushi da dogon tafiya. Wanda ya sauke tasa a nan, abin da ke fara dukan ƙasa shine botom filet, wato kaskon man inji, da salansa, botom filet na alminiyam irin na BMW kuwa baya lotsawa, fashewa yake, man inji ya tsiyaye. Kayan ƙafa na Beljiyam da ake samu a Kofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a Legas wani lokacin akan ci karo da gajeren sifirin a ciki, an ciro shi daga motar da aka sauke tun a Turai, ana gane shi da launin fenti da lambar kamfani a jikin zagayen, kuma sai an sa huɗun duka iri ɗaya.