Waiwaye: maganin da ya ci a jikin ɓera, da aka zo kan mutum sai ya ƙi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta da ya yi nisa ya san abin da ake tsoro shi ne ranar aman jini. Hanta in ta ƙandare jinin da ke tasowa daga hanji da saifa ba ya samun hanyar wucewa, sai ya nemi ɓarauniyar hanya, ya bi ta ƙananan jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe.

A 1980 wani likita a Faransa, Didier Lebrec, ya nuna cewa propranolol, maganin zuciya da hawan jini mai arha, yana rage matsin jinin nan, a 1981 kuma ya nuna yana rage sake ɓallewar jini ga waɗanda suka taɓa yi. To daga nan sai kwaɗayi ya shiga, aka ce me zai hana a ba mutum tun jijiyoyin ba su kumbura ba?

Nan ɓeraye suka shigo. Roberto Groszmann na jami'ar Yale a Amurka da abokan aikinsa su ne suka yi fice wajen ɗaure babbar jijiyar da ke shiga hantar ɓera, a matse ta ba a toshe gaba ɗaya ba, cikin 'yan kwanaki matsi ya hau, hanyoyin ratse su buɗe. A 1991 Shiv Sarin tare da Groszmann suka gwada a ɓerayen da aka sa wa tsutsar tsargiya, irin mai kama hanji da hanta wadda ta addabi manoman Gezira a Sudan, aka ga waɗanda suka sha propranolol da wuri jinin da ke kauce wa hantarsu ya ragu sosai. Ɓangaren Lebrec ma sun samu kusan haka. Sai dai fa abin da ake aunawa a ɓera yawan jinin da ya ratse ne, ba wai kumburin maƙoshi irin na mutum ba, kuma ɓera an san ranar da ciwonsa ya fara tunda da hannu aka sa masa, mutum kuwa sai ya shekara goma da ciwon hanta nau'in B bai sani ba.

Groszmann ɗin da kansa ya jagoranci gwajin a mutane, sakamako ya fito a 2005. Marasa lafiya 213, aka ba wasu timolol, ɗan'uwan propranolol, wasu kuma ƙwayar da ba magani a ciki, aka bi su kusan wata 55. Waɗanda jijiyoyinsu suka kumbura ko suka fashe kashi 39 cikin ɗari ne a masu shan maganin, kashi 40 a sauran, wato ba wani bambanci, ga illa mai tsanani ta fi yawa ga masu shan maganin, kashi 18 da kashi 6. Ni dai wannan ya burge ni, mutum ya rusa hasashensa da hannunsa kuma ya buga kowa ya gani.

Masu bincike a Barsalona tun 2004 sun riga sun juya wani gefe, suka nuna a ɓeraye cewa jiki har sababbin jijiyoyi yake ƙerawa, in aka tare VEGF, sinadarin da ke sa jijiyoyin jini su tsiro, sai su ragu. Wannan har yau bai zama maganin asibiti ba.

Inda aka ɗan samu haske shi ne 2019, gwajin PREDESCI a Sifen, da aka ware waɗanda matsin jinin hantarsu ya riga ya kai 10 zuwa sama a ma'aunin mmHg kawai. A nan propranolol ko ɗan'uwansa carvedilol sun yi amfani, amma galibi taruwar ruwa a ciki suka rage, ba aman jinin da aka fita nema tun farko ba.