Waiwaye: Holašovice, ƙauyen da ya rasa mutanensa sau biyu

A kudancin Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek, kimanin kilomita 16 yamma da birnin České Budějovice, akwai wani ƙauye da ake kira Holašovice, wanda a baki yake fita kamar Holashobitse. Mazaunansa kimanin mutum 140 ne. Ta kudu yana jingine da tuddan dajin Blanský, ta arewa kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai dausayi, cike da tafkunan da mutane suka haƙa da hannu don kiwon kifi. A 1998 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo shi ne goshin gidajen. An shafe su da farar ƙasa, an yi musu ado da zane mai lanƙwasa, a wasu har magini ya rubuta shekarar da ya gama aiki. Amma wannan ado na baya-bayan nan ne, yawancinsa daga wajen 1840 zuwa 1880. Tsufan ƙauyen na gaske a ƙasa yake, a yadda aka auna filin aka yanka shi tun ƙarni na 13.

Tsakiyar garin dandali ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa mita 210, faɗinsa mita 70. A cikinsa akwai kududdufi, da maƙera, da ɗan ƙaramin ɗakin ibada da aka gina a 1755. Gidajen manoma 23 sun kewaye shi, kowanne ya ba dandali fuska. A gefe ɗaya ɗakin zama, a ɗaya gefen rumbu mai katanga mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, tsakaninsu ƙofa biyu: babba mai baka wadda keken doki ke shiga da kaya, da ƙarama ta mutane. Idan ka ratsa tsakar gida sai garke da ma'ajiyar ciyawa, bayansu lambu, bayan lambu gona. Irin wannan daidaito ba ya zuwa da kansa. A wancan zamani sarakuna da manyan masu ƙasa kan ɗauki wani mutum su ba shi daji, shi ya auna, ya raba kaso daidai, ya nemo manoman da za su zauna su riƙa biyan haraji. Lokacin ne Sarki Otakar na Biyu ya kafa České Budějovice kanta, a 1265.

A 1292 ɗansa, Sarki Václav na Biyu, ya ba da Holašovice tare da wasu ƙauyuka ga gidan Kiristoci masu zuhudu na ɗariƙar Sistarsiya da ke Vyšší Brod, a bakin kogin Vltava. Dangin Rožmberk, manyan masu ƙasar kudancin Bohemiya, su suka kafa wannan gida a 1259. Daga ranar manoman ƙauyen suka zama talakawan masu zuhudu, suna biya da hatsi da kuɗi da kuma aikin tilas a gonakin iyayen gidansu. Wannan aiki shi Cekawa ke kira robota, kuma daga nan kalmar robot ta fito. Haka aka zauna sama da shekara 550, an ga yaƙe-yaƙen mabiya Jan Hus, mai wa'azin gyaran coci, na ƙarni na 15 sun zo sun wuce, har zuwa 1848 da aka soke aikin tilas a daular Ostiriya. Ina ganin ba banza ba ne adon gidajen ya bunƙasa a daidai wannan lokaci. Manomi ya samu kansa, gumin da yake zubarwa ya zama nasa, sai ya fito da wadatarsa a goshin gidansa inda maƙwabci zai gani.

Kafin nan kuwa ƙauyen ya taɓa mutuwa. Tsakanin 1520 da 1525 annobar nan mai fitar da kaluluwa ta faɗa masa, ta bar mutum biyu kacal da rai. Mutum biyu, a garin da kowane gida ke da iyali da barori! Har yau akwai ginshiƙi a gefen arewacin ƙauyen, a kan wurin da aka binne mamatan. Masu zuhudu ba za su bar gonaki su koma daji ba, sai suka kawo sababbin manoma daga Bavariya da Ostiriya. Baƙin ba su sake auna komai ba, sun shiga kangayen da suka tarar, kowa ya ɗauki kason wanda ya riga shi. Da haka Holašovice ya zama garin masu jin Jamusanci a tsakiyar ƙasar masu jin Cekanci. A 1895 Jamusawa 157 ne a ƙauyen, Cekawa 19.

Rashi na biyu hannun mutum ne ya jawo shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kori Jamusawa daga Cekoslobakiya, ciki har da jikokin waɗanda suka raya ƙauyen shekara ɗari huɗu kafin nan. Wasu Cekawa sun zo sun zauna, amma gidaje da dama sun tsaya kango, rufi na yoyo, shafe na zubewa. Abin tausayi ne, sai dai wannan watsi shi ya hana a rushe tsofaffin gidajen a dasa na siminti a madadinsu. Daga 1990 aka dawo da gyara gadan-gadan, gida bayan gida, a kan iyakokin da aka shata tun farko.

Yanzu duk watan Yuli ana cin kasuwar manoma a dandalin. Masu sassaƙa da masu tukwane da maƙera sukan baje kayansu a bakin kududdufin, 'yan kallo kuma su cika filin tun daga wannan kusurwa har waccan.