Waiwaye: Asalin lita 22.4 da yadda ta koma 22.7

Duk wanda ya yi darasin sinadarai a sakandare ya haddace lambar nan 22.4. Malam ya ce mol ɗaya (wato ƙayyadadden adadin ƙwayoyi da masana sinadarai ke ƙirga da shi) na kowace iska yana cin wurin lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi, abin da littattafai ke taƙaitawa da STP. A rubuta a jarrabawa, a wuce. Ba kasafai ake gaya wa ɗalibi cewa mutane ne suka zauna suka yanke wannan daidaiton ba, balle ya san an taɓa sauya shi.

Matsalar daga halin iska ta taso. Dutse yana nan yadda yake. Ruwa yakan bi siffar mazubi, amma yawansa bai cika sauyawa ba. Iska kuwa ba a auna ta da mudu: a matse ta, ta tsuke, a ɗumama ta, ta buɗe, alhali nauyinta bai motsa ba. Shi ya sa gas ɗin girki da kilo ake sayen sa.

A 1643 Torricelli na Italiya ya kifa bututun gilashi cike da zaiba a cikin kwano, zaibar ta tsaya a tsayin kusan milimita 760. Nauyin iskar da ke kanmu ne ya riƙe ta. Bayan shekara biyar, Pascal na Faransa ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, zaibar ta riƙa sauka suna ƙara hawa. Ashe matsin iska ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. A 1662 Boyle ya nuna cewa in aka ninka matsi, wurin da iska ke ci yakan ragu da rabi, sannan a 1802 Gay-Lussac ya wallafa yadda zafi ke buɗa ta.

Wanda ya ɗaure zancen shi ne Avogadro na Italiya, a 1811. Ya ce iska iri biyu, komai bambancinsu, in sun cika mazubi mai girma ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. Masana suka yi biris da shi kusan shekara hamsin. Har ya mutu a 1856 bai ga ranar maganarsa ba. Sai a taron Karlsruhe na Jamus a 1860 ɗan ƙasarsu Cannizzaro ya farfaɗo da ita, aka gane cewa da ita za a iya kwatanta nauyin ƙwayoyin sinadarai.

Sharaɗin nan na "zafi ɗaya da matsi ɗaya" shi ya tilasta a tsayar da magana. Aka ɗauki digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, inda ƙanƙara ke narkewa, tunda kowane ɗakin gwaji zai iya samar da shi, aka haɗa da milimita 760 na bakin teku. A 1954 babban taron awo na duniya ya ƙayyade wannan matsi a faskal 101,325 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Daga wannan zafi da matsi 22.4 ta samo asali.

A 1982 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta ba da shawarar a koma faskal 100,000 cif, don sauƙin lissafi. Matsi ya ɗan ragu, iska ta ɗan sake, lita 22.4 ta zama 22.7. Littattafan makaranta da yawa ba su bi ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, muddin za su faɗi matsin da suke nufi.

Inda abin ya zama na kuɗi shi ne cinikin iskar gas. A can ana yawan amfani da digiri 15, Amurkawa kuma digiri 60 a ma'aunin Faranhait. Bambancin da ɗalibi zai raina, in aka ninka shi da miliyoyin kubik mita na gas, dukiya ce, don haka kwangila takan rubuta zafi da matsin awo ƙarara. A masana'antar gas ta Bonny da ke Jihar Ribas kuwa sanyaya gas ɗin ake yi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, ya zama ruwa, ya tsuke kusan sau 600 kafin a loda shi a jirgi.

Hatta rabon daskararre da mai ruwa a jadawalin sinadarai ya dogara da zafin da aka zaɓa. Zaiba da buromin kaɗai ake lissafawa a masu ruwa. Ƙarfen galiyom yana narkewa kafin digiri 30, don haka da tsakar ranar Afrilu a Sakkwato shi ma malala zai yi.