Waiwaye: Yadda aka hana gidajen iyalai da yawa, yau kuma ake nemansu

Muhawarar da ake tafkawa a manyan biranen duniya kan tsadar haya ta raba mutane gida biyu. Wasu na cewa a bar magina su gina gidan da zai ɗauki iyalai huɗu ko shida a fuloti guda, kowa da sashensa da ƙofarsa. Wasu kuma na cewa hakan cunkoso zai jawo, ya ɓata unguwa. Mai sauraro sai ya zaci wani sabon abu ake son ƙirƙirowa, alhali irin wannan zama ya girmi kakannin masu gardamar.

Tun zamanin daular Rum talakawan birni a benayen haya suke kwana. Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 19, aka yi ta cusa ma'aikata cikin ɗakuna marasa iska a Landan da New York, har jihar New York ta kafa doka a 1901 da ta wajabta taga a kowane ɗaki. Birnin Vienna na Ostiriya ya gina wa ma'aikata muhalli sama da 60,000 tsakanin 1923 da 1934. Singafo ta fara nata a 1960, kuma yau kusan mutum takwas cikin goma a benayen hukuma suke zaune. A ɗaya gefen, kowa na tuna dogayen benaye 33 na rukunin gidajen hukuma mai suna Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, waɗanda suka lalace aka fara rusa su a 1972. Masu adawa da gidajen iyalai da yawa har gobe wannan misalin suke kawowa.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a kan takarda, babu ƙura babu hayaniya. A 1916, a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, aka keɓe wata unguwa aka ce gidan iyali ɗaya kawai za a gina a kowane fuloti. A 1926 wata shari'a da ta taso daga garin Euclid na jihar Ohio ta tabbatar da cewa birni na da ikon kasafta unguwanninsa, nan gidaje, can kasuwa, can masana'anta. Daga nan tsarin ya bazu, har ya kai a birane da dama na Amurka kusan kashi 75 cikin ɗari na filayen zama an haramta gina komai a kansu sai gidan iyali guda mai zaman kansa. Kanada da Ostireliya ma suka bi wannan sawu.

A ganina tushen matsalar ke nan. Fili shi ne abu mafi tsada a birni. Idan iyali shida suka raba kuɗin fuloti ɗaya, malamin makaranta da direba za su iya ɗauka. Idan doka ta ce iyali ɗaya ne zai ɗauke shi dungurungum, to an riga an tace waɗanda za su zauna a unguwar tun kafin a aza tubali. Sannan aka yi ta ƙara ƙa'idoji: fuloti kada ya gaza girma kaza, gini kada ya wuce hawa kaza, kowane sashe sai da wurin ajiye mota. Kowace ƙa'ida ita kaɗai tana da hujjarta, amma da suka taru sai suka shafe gidan tsaka-tsaki, mai sashe biyu zuwa shida, wanda ƙaramin magini ke iya ginawa kuma mai ƙaramin ƙarfi ke iya kamawa. Waɗanda suka riga suka mallaki gida kuwa, ƙarancin ƙara wa dukiyarsu daraja yake yi, shi ya sa ba su ga abin gyara ba. Wanda dokar ta hana shiga unguwar kuma ba ya nan balle ya yi ƙorafi, wannan ne ya fi damuna.

Japan ta bi wata hanya. Tun 1968 dokar ƙasa ce ke tsara rabon unguwanni, kuma tana barin ƙananan benayen haya kusan ko'ina, shi ya sa Tokyo ke ta ƙara gidaje duk da girmanta.

Sai a 'yan shekarun nan aka fara warware ƙullin. Birnin Auckland na ƙasar New Zealand ya sassauta ƙa'ida a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa a 2016, gine-gine suka ƙaru ƙwarai. A Amurka, Minneapolis ta amince a 2018 a gina sashe uku a fuloti guda, jihar Oregon ta yi makamancin haka a 2019. Sai dai a Minneapolis gidaje masu sashe uku kaɗan aka gina. Yawancin sababbin muhallin daga manyan benaye na bakin titi suka fito, kuma a 2021 birnin ya soke wajabcin wurin ajiye mota gaba ɗaya.