Keken dutse: me sunan yake nufi, kuma ina burki ya shigo?

Kwanan nan "keken dutse" ya cika bakin mutane. Masu sayar da kekunan gwanjo a Facebook, duk keken da suka ɗauko mai kaurin taya da 'yan giyoyi sai su laƙaba masa sunan su ƙara kuɗi. Wannan bai dame ni sosai ba, kasuwa ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da na ji wani mai labarin wasanni ya yi a rediyo lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ya kira wasan "gasar hawan dutse da keke", sannan ya ƙara da cewa wanda ya riga kaiwa ƙololuwa shi ne zakara. Ba haka ake yi ba. Zagaye ake yi a hanya ɗaya sau da yawa, a hau a sauka, a bi ta kan duwatsu da saiwoyi da kwanoni. Tudun Elankur da aka yi gasar a kansa mita 231 ne kacal. Tom Pidcock na Birtaniya da ya ci zinariya, tayarsa ta yi faci ana tsakiyar tsere, aka bar shi a baya, ya dawo ya kamo Victor Koretzky na Faransa, ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ne ya zo na uku.

Ruɗanin daga kalmar "hawa" yake. A Hausa muna hawan keke, muna hawan doki, muna kuma hawan dutse. Da an ce "keken hawan dutse" sai kunne ya ji mutum yana haki yana taka feda zuwa sama. Daga nan sabon shiga yake ɗauka cewa ƙarfin cinya da yawan giya su ne wasan. Alhali asalin abin daga gangara ya fito.

A shekarun 1970, a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da kaurin taya. Hawa tudu da irin waɗannan kekuna azaba ce, sau da yawa tura su ake yi. Saukowar suke nema. A watan Oktoban 1976 suka fara tsere a wata hanyar ƙasa kusa da garin Fairfax, tsawonta ya ɗan wuce kilomita 3, amma tana sauka kusan mita 400. Burkin kekunan irin na feda ne, wanda ake taka feda baya ya kama a cikin cibiyar tayar baya. Kafin mutum ya kai ƙasa cibiyar ta yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabon giris kafin a ƙara hawa. Wannan sake cusawar ita ce ta ba tseren sunansa, Repack. Ku duba fa: tseren da ya haifi wasan nan gaba ɗaya, sunan wahalar burki aka sa masa. Joe Breeze, ɗaya daga cikin matasan, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfani suka kira shi MountainBikes, wato kekunan dutse, suna harhaɗa kekuna a kan firam ɗin da Tom Ritchey yake ƙerawa. Sunan kamfanin nan ne ya bi duniya, har muka wayi gari muna fassara shi. Wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Tunda burki ne tushen labarin, bari in tsaya a kansa, don a nan ne rashin fahimtar sunan yake jawo rauni.

Wani yaro a unguwarmu, ɗan shekara goma sha biyar, babansa ya saya masa irin keken nan. Ya kawo mini in gani, na matsa hannun burkin gaba na ji shi sakwaf, babu komai. Na bi waya na tarar an cire ta daga bakin taya an naɗe a jikin firam. Na ce, "Kai, wa ya yi maka wannan?" Ya ce, "Kawu, mai gyara ne ya ce burkin gaba kayar da mutum yake yi." Gwiwarsa ta hagu kuwa a ɗaure da tsumma, ya faɗi jiya a gangaren da ke bayan makabarta, inda ruwan sama ya zaizaye hanya ya bar tsakuwa. Da burkin baya kaɗai ya sauko, tayar ta kulle, ta ja ƙasa ta yi gefe da shi.

Dalilin a fili yake. Duk lokacin da ka ja burki nauyinka gaba yake tafiya, kamar yadda fasinja ke sunkuyawa idan direba ya taka birki. Tayar gaba sai ta danne ƙasa ta kama da kyau, ta baya kuma ta yi sauƙi, ko kaɗan ka matsa ta sai ta zame. A gangara abin ya fi muni. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa a burkin gaba yake. Mai gyaran bai yi ƙarya ba cewa mutane na tuntsurawa ta kan keke, amma abin da ke jefa su shi ne cafkar burkin da dukan hannu lokaci guda, suna zaune daram a kan sirdi, hannuwa a sandare. Cire wayar bai magance komai ba, ya dai raba yaron da abin da zai tsayar da shi.

Muka mayar da wayar. Na sa shi a fili mai laushi, ya riƙa tafiya a hankali yana matsa burkin gaba kamar mai gwada nunar mangwaro, da yatsa ɗaya ko biyu, sauran yatsun na riƙe da kan keken. Sannan ya haɗa da na baya. Sai tsayuwa: ya tashi daga kan sirdi, fedoji biyu a daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya don kada ta ƙasa ta bugi dutse, dugadugai su ɗan yi ƙasa, gwiwoyi da gwiwar hannu a lanƙwashe. Idan zai ja burki da ƙarfi sai ya sauke ƙugu ya ɗan ja shi baya. Mutane na ta tambayar ko keke yana da shokozoba, sun manta ƙafafu da hannuwan mahayi sun fi kowace shokozoba tafiya sama da ƙasa, in dai bai sandare su ba. Muka kuma sauke sirdin kaɗan don ya samu wurin motsi, muka rage iskar tayoyin, domin mai faci ya bunƙara su kamar ganga, kuma taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta kama.

Ga wani abu da ya kamata duk mai sayen gwanjo ya duba tun kafin ya hau: keken da ya fito daga Ingila burkin gabansa a hannun dama yake, wanda ya fito daga Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Matsa ka gani da idonka. Hular kwano kuma ba sai na yi dogon bayani ba.

Kwana ita ce ta fi ba shi wahala. Yakan shigo da gudu, sai ya tsorata a tsakiya ya ja burki, keken ya miƙe ya nufi waje. Ana rage gudu ne tun kafin a shiga, a cikin kwanar kuma a sassauta, a kwantar da keken, ido na kan mafita. Ido ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Duk dutsen da ka zuba wa ido, shi za ka buga. Sai da na tsaya a bakin mafitar ina ce masa, "Ni za ka kalla!" kafin ya daina kallon tayar gabansa.

Duk da ƙorafina, "keken dutse" na fi so a kan "keken hawan dutse", kuma ina roƙon masu rediyo su tsaya a kansa. A Hausa Dala dutse ne, abin da ka yi tuntuɓe da shi a hanyar gona ma dutse ne. Na biyun ne mahayi yake fama da shi kullum, ko a Kalifoniya ko a bayan makabartar unguwarmu. Yaron nan ya koma gangaren bayan mako biyu, yana tsaye a kan feda, yatsa ɗaya a kan kowane burki, ya sauko har ƙasa, tayar baya ba ta ja ko layi ɗaya a kan tsakuwar ba.