Laifin wa ne cijewar bindigar M16 a Biyetnam?

An daɗe ana cewa M16 bindigar banza ce tun daga ƙirarta, shi ya sa take cijewa a hannun sojojin Amurka a Biyetnam. Cijewar kam ta faru, kuma an rasa rayuka. Amma ɗora wa Eugene Stoner, wanda ya ƙera ta, duk laifin rashin adalci ne.

Albarushin IMR 4475 aka gwada ta da shi. A 1964 aka koma WC 846, mai yawan datti, mai sa bindigar saurin harbi fiye da ƙima. Ba a kuma yi wa mazaunin harsashi rufin kurom mai hana tsatsa ba, ga laimar daji. Sai kwanso ya maƙale, soja ya riƙa zura sandar ƙarfe ta bakin bindiga yana turo shi, ana cikin ruwan wuta. Abin takaici, an ce musu ita ke share kanta, kayan gogewa ma ba su wadata ba.

Kwamitin majalisar wakilai na Richard Ichord ya zargi hukumar soja da sakaci a 1967. Da aka gyara waɗannan matsaloli a sabon samfurinta, M16A1, cijewar ta ragu ƙwarai.