Farin Magi a Abincin Waje: Guba Ne, Ko Gishirin Ne Ya Yi Yawa?

Duk mai cin abincin saye ya san miyar waje tana da wani ɗanɗano mai kama harshe wanda ba kasafai ake samu a ta gida ba. Ya kuma san ƙishirwar da ke biyo baya. Daga nan ake ta muhawara kan farin magi da dunƙule, wasu har suna kiran su guba.

Shi farin magin, mene ne shi?

Sunansa a kimiyyance monosodium glutamate, ana taƙaita shi MSG, a jikin kwali kuma wani lokaci E621 za ka gani. Jigonsa wani sinadari ne, gulutamet, wanda Allah ya halitta a cikin nama da busasshen kifi da nunannen tumatir, har da nonon uwa. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ciro shi daga ciyawar teku da mutanen Japan ke romo da ita. Shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. A yau daga rake ko rogo ko masara ake yin sa, a bar ƙwayoyin bakteriya su tsima su, sannan a tace.

To, ba gara a koma wa daddawa ba?

Gara ɗin, amma ba don dalilin da ake zato ba. Dubi yadda ake yin ta: a dafa kalwa ta yi laushi, a cire ɓawon, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku har ta fara yauƙi da warin nan nata, sannan a kirɓa a dunƙula a shanya. A cikin kwanakin da take rufe, bakteriya ne ke farfasa furotin ɗin kalwar, kuma cikin abin da ke fitowa akwai gulutamet. Ashe abin da ke sa miyar kuka ta yi daɗi da daddawa ɗan uwan abin da ke cikin ledar farin magi ne, kuma hanji ba ya tambayar daga ina ya zo.

Fifikon daddawa a wani wuri yake. Tana zuwa da furotin da mai, tana ba miya ƙamshi da jiki, kuma ba a cika ta da gishiri ba. Farin magi ɗanɗano kawai yake bayarwa, shi ya sa mai abincin da ta tsuke hannu a nama da tumatir take rufe giɓin da shi.

Daga ina tsoron ya taso?

Daga Amurka. A 1968 wani likita, Robert Ho Man Kwok, ya rubuta wa mujallar New England Journal of Medicine wasiƙa cewa yakan ji wuyansa ya sage, zuciyarsa na bugawa, in ya ci abinci a gidajen cin abinci na 'yan Sin. Zato ya yi, bai yi gwaji ba, kuma MSG ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ya zarga. A 1969 kuma John Olney ya yi wa jariran ɓeraye allurar MSG mai yawan gaske, ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Sai dai allura ga ɗan ɓera daban, cokali a tukunyar miya daban.

Rahoton da aka haɗa wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1995 ya ce abu ne da ba shi da haɗari a yadda aka saba ci, amma wasu mutane kan ji ciwon kai ko zafin fuska na ɗan lokaci in sun sha giram 3 ko fiye ba tare da abinci ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fi taka-tsantsan: a 2017 ta sa iyakar miligiram 30 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato giram 1.8 ga mai kilo 60.

Ana cewa yana fitar da tsatsa a tukunya, ina ga ciki?

Lemon tsami ma yana yi, kuma ba wanda ya daina matsa shi a kunu.

Ke nan babu matsala?

Akwai, babba ma kuwa, sunanta gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙule ɗaya mai giram 4 kusan rabinsa gishiri ne. Yanzu tsaya a gaban mai shayi ka kalli hannunsa: ya juye ledar kayan haɗin taliyar duka, ya murtsuke dunƙule a cikin ƙwai, ya ƙara barbaɗa gishiri. Yajin tsire ma akwai dakakken dunƙule da gishiri a ciki, kuma mu ne ke cewa a ƙara. Wanda ya karya a nan, ya ci shinkafa da miya a kasuwa da rana, ya rufe da tsire da dare, ya wuce iyakar tun kafin la'asar. Wannan ne ke kai mutum ga hawan jini, shi kuma ya ja shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Abin mamakin shi ne farin magin da aka fi zagi bai kai gishiri yawan sodiyam ba, wato sinadarin cikin gishiri da ke jawo hawan jini: kusan kashi 12 cikin 100 gare shi, gishirin girki kuwa kusan kashi 40. Da za a rage gishiri a sa shi kaɗan, da an ci riba. A gidajen abinci ba a yin haka, gishiri da farin magi da dunƙule duka ukun ake haɗawa.

Kayan gargajiya duk lafiya lau suke?

A'a. Kanwa daga ƙasa ake haƙo ta, amma cike take da sodiyam, don haka mai hawan jini ya lura da wake da ɗanwaken da suka sha kanwa. Barkono da gyada da ƙuli-ƙulin da aka ajiye a danshi suka yi fumfuna kan ɗauki gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Citta da tafarnuwa da masoro da kimba da kanumfari dai suna ɗaga miya ba tare da sun ƙara mata gishiri ba.

Wanda dole ya ci a waje fa?

Abin da ake haɗawa a gabanka kana da iko da shi. Ka ce wa mai shayi rabin leda ya isa, ban da dunƙule a ƙwai. A sa maka yaji a gefe, a rage miya a kan shinkafa, kada ka shanye romon. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni. In kuma ka haura shekara arba'in, ko akwai hawan jini a gidanku, ka riƙa auna jininka ko da ba ka jin komai, domin yawanci ba ya nuna alama.